Yadda ake gano tsohuwar hanyar ayari daga littafi da kufai: misalin Hanyar Zubaida

Tsohuwar hanya tana barin shaida iri biyu. Akwai abin da marubuta suka faɗa a kanta, akwai kuma abin da ya rage a ƙasa: rijiya, tafkin da aka gina, tsibin duwatsu, tsingaro, kufai. Kowace shaida da inda take gazawa. Littafi zai ba ka sunan zango da shekarar da sarki ya ce a yi gini, amma ba lalle ya gaya maka ko an kammala ginin ba. Ƙasa kuwa za ta nuna maka ginin ƙuru-ƙuru, sai dai ba ta faɗin suna, ba ta faɗin shekara. Aikin mai bincike shi ne ya tattara kowacce dabam, ya gwada ta ita kaɗai, sannan ya haɗa su. Wanda ya gauraya su tun farko, abin da ya karanta shi zai riƙa gani a jikin kowane dutse.

Misalin da za mu bi shi ne hanyar alhazan Iraƙi, daga Kufa zuwa Makka, mai tsawon kusan kilomita 1,400. Ana kiranta Hanyar Zubaida saboda Zubaida 'yar Ja'afar, matar Halifa Haruna Rashid, wadda ta kashe dukiya mai yawa wajen samar da ruwa a kanta, ta kuma rasu a shekarar 216 bayan Hijira, wato 831. Da wuya a sami wata hanya ta wancan zamani da aka yi rubutu a kanta haka, kuma busasshiyar ƙasar Najadu ta adana gine-ginenta.

Fara da yanke yanki

Kada ka ɗauki hanyar gaba ɗaya. Zaɓi zango uku ko huɗu a jere, abin da bai wuce kilomita 150 ba, kuma ya kasance aƙalla ɗaya daga cikinsu wuri ne da babu gardama a kansa. Faid, wanda ke kusa da Ha'il kuma marubuta suka ɗauke shi a matsayin tsakiyar tafiya, har yau yana nan da sunansa. Irin wannan wuri shi ne turkenka, daga gare shi za ka auna gaba ka auna baya. Ka kuma yanke zamani, misali daga 750 zuwa 950, domin hanya ɗaya takan sauya layi cikin shekara ɗari biyu.

Rarraba littattafai bisa ga dalilin rubuta su

Na farko su ne littattafan ma'aikatan hukuma. Ibn Khurdazbih shugaban gidan saƙo ne a daular Abbasiyawa a ƙarni na 9, kuma littafinsa na hanyoyi da ƙasashe jeri ne na zango da adadin mil tsakaninsu. Yaƙubi da Ibn Rusta da Ƙudama ɗan Ja'afar sun kawo irin wannan jeri. Wanda ya fi su zurfi a kan wannan hanya shi ne Kitabul Manasik da ake jinginawa Harbi, wanda Hamad al-Jasir ya buga a 1969. Yana ƙirga rijiyoyi da tafkuna, yana faɗin mai daɗin ruwa da mai ɗaci, yana ambaton wanda ya gina. Malamai sun yi saɓani a kan ainihin marubucinsa, saboda haka idan za ka kafa hujja da shi, ka ce "wanda ake jinginawa".

Na biyu su ne littattafan tarihi. Ɗabari ya ruwaito cewa a shekarar 134 bayan Hijira Halifa Saffah ya sa aka kafa alamomin mil da hasumiyoyin wuta tsakanin Kufa da Makka, kuma a 161 Halifa Mahdi ya ba da umarnin ƙara gine-gine da sabunta tafkuna, ya ɗora Yaƙɗin ɗan Musa a kan aikin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa aikin ya girmi Zubaida, don haka kuskure ne a jingina mata kowane tafki.

Na uku su ne matafiya. Ibn Jubair ya bi ayarin Iraƙi daga Madina zuwa Kufa a watan Muharram na 580, wato Afrilu zuwa Mayu na 1184, yana rubuta inda aka sami ruwa da inda aka rasa. Ibn Baɗuɗa ya bi ta nan a ƙarshen 1326.

Ga inda mutane da yawa ke faɗawa rami: marubutan nan suna kwafe junansu. Sassa da dama na labarin Ibn Baɗuɗa game da Hijaz da Iraƙi an ɗebo su ne daga Ibn Jubair. Idan su biyun suka ce akwai tafki cike da ruwa a wani zango, mai yiwuwa shaida ɗaya ke gare ka ta 1184, aka maimaita ta bayan shekara 142. Haka Yaƙut, wanda ya rasu a 1229: ƙamusunsa na garuruwa taska ce, amma yakan kawo bayanin ƙarni na 9 kamar yana magana a kan zamaninsa. Hanyar kama wannan ita ce ka jera sassan gefe da gefe da Larabcinsu. Inda jimla ta zo iri ɗaya kalma da kalma, ko kuskure ɗaya ya bayyana a littafi biyu, to ɗaya ne ya haifi ɗayan.

Yanzu buɗe jadawali. Kowane layi zango ɗaya, kowane marubuci da gurbinsa. A ciki ka rubuta sunan wurin da haruffan Larabci yadda ya zo, adadin mil daga zangon baya, irin ruwan da aka ambata, gine-gine, da shekarar da marubucin ya gani ko ya rubuta. Kada ka mayar da sunan zuwa boko a wannan mataki. Tsofaffin kwafe-kwafe sukan zo ba ɗigo, kuma idan babu ɗigo, haruffan ba, ta, sa, nun da ya duk siffa ɗaya ce, ra da zai ma haka. Sunan zangon Zubala na iya zama wani suna dabam a hannun magatakardan da bai san wurin ba. Lambobi ma ba su tsira ba: "sab'a" da "tis'a", bakwai da tara, sun yi kama sosai a rubutun hannu marar ɗigo. Idan marubuci ɗaya ya ce mil 27, wani ya ce 29, fara zargin alƙalami kafin ka zargi hanya.

Mayar da shekarun Hijira zuwa Miladiyya ta hanyar ninka shekarar da 0.97 ka ƙara 622. Wannan zai kai ka kusa, amma shekarar Hijira takan hau kan shekaru biyu na Miladiyya, don haka idan wata yana da muhimmanci sai ka duba cikakken jadawalin kalanda.

Awo

Duk wanda ya karanta babin sallar matafiyi a Risala ya san baridi huɗu mil 48 ne. Wato baridi ɗaya mil 12, farsakhi ɗaya mil 3. Mil na Abbasiyawa kamu 4,000 ne, kusan kilomita 2, ya fi mil ɗin da ke jikin motoci tsawo, wanda bai wuce kilomita 1.6 ba. Wanda ya manta wannan zai riƙa neman zango kafin ya isa wurinsa.

Tsawon kamu kansa ya bambanta daga gari zuwa gari, saboda haka ka fitar da awon kowane marubuci da kanka. Ɗauki wurare biyu tabbatattu, auna tazararsu a taswira ta bin inda raƙumi zai iya bi, ka raba da adadin mil da marubucin ya bayar. Ka maimaita a wuri uku ko huɗu. Idan amsar tana zagaye kilomita 1.9 zuwa 2.1, marubucin abin dogaro ne a wannan yanki, kuma da wannan awo za ka nemi zangon da ya ɓace. Ka bar sarari na kashi 10 cikin ɗari gaba da baya. Abin da za ka zana a taswira faffaɗan yanki ne na nema.

"Marhala" ko "tafiyar yini" ba awon tsawo ba ne, awon wahala ne. Raƙumi da kaya yana cin kamar kilomita 4 a awa, ayari yakan yi kilomita 30 zuwa 40 a yini, ya ragu a rairayi, ya ƙaru idan ana sauri don a riski ruwa. Masu bincike sun ƙirga manyan zango 27 a Hanyar Zubaida, da ƙanana kusan adadin haka a tsakaninsu, inda ake yada zango na ɗan lokaci don cin abincin dare. Raba 1,400 da 27 zai ba ka kusan kilomita 50. Idan jadawalinka ya nuna gibin kilomita 90 babu ruwa, akwai zangon da ya faɗi daga kwafin.

Daga sama kafin a taka ƙasa

Buɗe manhajar taswira ta QGIS, wadda kyauta ce, ka shimfiɗa hotunan tauraron ɗan'adam na yanzu. A kansu ka ɗora hotunan Corona, waɗanda Amurka ta ɗauka tsakanin 1960 da 1972 don leƙen asiri, ta kuma fito da su fili a 1995. Ana samunsu a shafin EarthExplorer. Mafi kyawunsu suna nuna abin da ya kai mita 2, kuma darajarsu ita ce sun riga kwalta da gonakin ban-ruwa da faɗaɗar garuruwa. Suna zuwa a karkace, dole sai ka daidaita su da wurare goma ko fiye da ba su motsa ba, kamar bakin dutse ko mahaɗar kwari.

Abin da za ka nema: da'ira ko murabba'i mai duhu a bakin kwari, wato tafki da laka ta cike, dogon siririn bango da ke karkato ruwan sama zuwa gare shi, layi mai haske da ya ratsa baƙaƙen duwatsun aman wuta, inda aka share duwatsu aka tara su gefe biyu, da ɗigo-ɗigo a kan tuddai, tsibin duwatsun da ke nuna wa ayari hanya. Ka ba kowane abu lamba, kada ka ba shi suna. "Wuri na 14" ya fi aminci a kan sunan zango irin "Sa'alabiyya", domin da zarar ka laƙaba suna, zuciyarka ta daina tambaya.

Kwamfuta na iya lissafa maka layi mafi sauƙin bi bisa ga tudu da gangare, da bayanan tsayin ƙasa na SRTM masu faɗin mita 30. Yi amfani da shi don samun tambaya kawai. Ayari ruwa yake bi, yana kauce wa 'yan fashi, yana ratsewa don kasuwa, kuma mahajjatan Iraƙi dole su bi ta Zatu Irƙin don ɗaukar harami. Kwamfuta ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Abu ɗaya da ke ɓata aiki a ɓoye shi ne ma'aunin taswira. Na'urar GPS tana aiki da ma'aunin WGS84, tsofaffin taswirorin Saudiyya da yawa da na Ain el Abd, na Najeriya da na Minna. Idan ba a daidaita ba, wuri zai goce da gomman mitoci, wani lokaci fiye da ɗari.

A fili

Kafin komai, izini. A Saudiyya daga hukumar kula da kayan gado, a Najeriya daga hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, a Nijar ta hannun ma'aikatar da abin ya shafa da cibiyar binciken IRSH ta Yamai. Ba a tono ba izini, ba a kwashe tsingaro a tafi da shi. Sannan a gaida masu wurin. Makiyayin da ya shekara arba'in yana shayar da dabbobi a yankin ya san rijiyar da ta rufe da sunan da kakanni ke kiranta. Tambaye shi "me ake kiran nan?", kada ka ce "nan ne wuri kaza?", domin mai kunya zai amsa maka da e.

Mutum huɗu ko biyar su jeru, tazarar mita 15 tsakaninsu, su ratsa layin da ake zato a gicciye, kowane rabin kilomita. Ratsawa a gicciye ita ce ke nuna faɗin hanya da ko tana da rassa. A yi wannan da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da inuwa ke fito da ɗan tudu da ɗan kwari. Da tsakar rana ƙasa shafe take. Kowane hoto a sa ma'auni da kibiyar arewa. GPS na hannu yana kuskuren mita 3 zuwa 5, ya isa nuna wuri, bai isa zana gini ba. Gini sai da tef.

Tafkin gini, wanda Larabawa ke kira birka, shi ne ya fi cancantar lokacinka. Rubuta siffarsa, da'ira ce ko mai kusurwa huɗu. Auna faɗi da kaurin bango. Duba matakala, ta gefe ɗaya ce ko ta zagaye ciki duka. Nemi ƙaramin tafkin da ke gabansa, inda ruwa ke tsayawa laka ta kwanta kafin ya shiga babban, ka bi magudanar har inda ta faro. Ƙirga shafen da ke jikin bango: shafe uku a kan juna yana nufin an gyara sau biyu, wato an daɗe ana amfani da wurin. Ka lura wasu tafkunan an gyara su da siminti a ƙarni na 20, kada sabon aiki ya shiga awonka. Zurfin da ido ke gani ma ba shi ne na asali ba, laka ta cinye saura.

Lissafin ruwa yana da amfani. A misali, tafki mai da'ira, faɗin mita 30, zurfin mita 5, zai ɗauki lita miliyan uku da rabi. Raƙumi mai ƙishi na iya shan lita 100 a tashi ɗaya. Amma rana a Najadu tana ƙafar da fiye da mita 2 na ruwa a shekara, kuma aikin Hajji yana matsowa da kwana 11 kowace shekara, ya zagaye damina da rani cikin shekara 33. Wannan ne ya sa marubuci ɗaya zai ce zango kaza ruwa ya wadata, wani ya ce babu ko ɗigo, kuma dukansu gaskiya suka faɗa. Kafin ka ce an yi watsi da zango, duba watan da matafiyin ya wuce.

Dutsen mil mai rubutu shi ne shaida mafi tsada, domin shi kaɗai ke haɗa rubutu da ƙasa a jiki ɗaya. Sai dai dutse sassaƙaƙƙe yana jan hankalin magina, sukan ɗauke shi su sa a bango ko bakin rijiya. Idan ba a kan gindinsa aka same shi ba, nisan da ke jikinsa ba na inda yake kwance ba ne.

Sanya shekaru

Hanya kanta da wuya ta ba da shekara, abin da ke gefenta ne ke bayarwa. A zango, auna murabba'i na mita 5 sau 5 a wurare da dama, ka ƙirga tsingaron da ke ciki iri-iri, ka ɗauki hoton baki da gindi da mariƙi, domin su ne ke nuna siffar tukunya. Farin kwano mai sheƙi da zanen shuɗi, irin na Basra, da mai ƙyallin zinariya, suna nuni ga ƙarni na 9 zuwa na 10. Tulu mai shafen shuɗi-kore kuwa an yi ƙarnoni ana yinsa tun kafin Musulunci, shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Tsabar kuɗi tana faɗin shekarar da aka buga ta kawai. Dirhami na iya yawo shekara ɗari kafin ya faɗi.

Don gwajin kabon, wanda ke auna shekarun abin da ya taɓa rayuwa, zaɓi abin da bai daɗe a raye ba: ƙwallon dabino, ƙwayar hatsi, kashin raƙumi. Gawayin babban itace yana ruɗarwa, domin a hamada busasshen icce na iya kwanciya shekaru ɗaruruwa kafin a ƙone shi. A ɗauka da cokali mai tsabta, a naɗe a takardar alminiyam, a rubuta zurfi da shimfiɗar ƙasar da ya fito. Samfuri ɗaya ba hujja ba ne, a nemi uku daga shimfiɗa ɗaya. Bayan an daidaita sakamakon da manhajar OxCal, tazarar da za ta fito a wannan zamani takan kai shekara ɗari ko fiye. Kabon zai iya raba maka ginin Abbasiyawa da na Turkawan Usmaniyya, ba zai raba aikin Mahdi da na Zubaida ba.

Haɗa shaidun biyu

Sai yanzu za ka ajiye jadawalin littattafai kusa da jerin lambobin fili. Kafin a ba kufai suna, a nemi abu huɗu su dace: jerinsa tsakanin zangon gaba da na baya, nisa, siffar da aka bayyana, da shekarun kayan da aka samu. Kamannin suna shi kaɗai bai isa ba, domin suna yana ƙaura tare da mutane, kuma a wannan hanya ma akwai Mugisa biyu.

Rabaza, ɗaya daga zangunan hanyar, ta nuna yadda dacewar take. Littattafai sun san ta a matsayin inda Abu Zarri al-Gifari ya rasu a shekarar 32 bayan Hijira, sun kuma ce ta lalace a 319, wato 931, a rikicin da Ƙaramiɗa, wata ƙungiya mai tawaye ga Abbasiyawa, suka shiga. Muƙaddasi, wajen 985, ya kira ta kufai mai ruwan ɗaci. Tonon da Sa'ad al-Rashid na Jami'ar Sarki Sa'ud ya jagoranta daga 1979, kimanin kilomita 200 gabas da Madina, ya fito da tafkuna da masallatai da gidaje masu rumbunan ruwa a ƙarƙashinsu, da kayan da suka yi yawa a farkon zamanin Abbasiyawa suka kuma ja baya a ƙarni na 10. Shaidu biyu da ba su dogara da juna ba sun faɗi magana ɗaya.

Shirun marubuci kuwa a yi hattara da shi. Ibn Jubair bai ambaci Rabaza ba, amma daga Madina ya taso, ya haɗu da babbar hanya a Naƙira, arewa da ita. Bai bi ta wurin ba sam. Haka kuma labarinsa ya nuna cewa harin da Ƙaramiɗa suka kai wa ayarin alhazai a Habir a 924 bai kashe hanyar ba, tunda ga babban ayari a kanta bayan shekara 260, kafin faɗuwar Bagadaza a 1258.

Inda ba a gina komai ba

Hanyoyin Sahara ba su da dutsen mil, amma tsarin aikin bai sauya ba, sai dai rijiya da kufan gari su ne turaku. Ibn Baɗuɗa ya sauka a Takadda a 1353, ya ce ana fitar da tagullarta zuwa Gobir da Barno. An daɗe ana gardamar inda garin yake, har Henri Lhote ya ce gishiri marubucin ke nufi, ba tagulla ba. Binciken Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer a Azelik, arewa maso yamma da Agadas, a shekarun 1970, ya sami kufan gari da masallatai da alamun narkar da tagulla, kuma yawancin masana yanzu sun karɓi Azelik a matsayin Takadda. A Ma'adin Ijafen ta Muritaniya kuma, Théodore Monod ya sami kayan wani ayari a 1964, sandunan farin tagulla fiye da 2,000 da kuɗin wuri, a inda babu littafin da ya ambaci hanya.

Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja, tsakiyar ƙarni na 15, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. Magana ce mai nauyi, sai dai rubutun da ke hannunmu na ƙarshen ƙarni na 19 ne, lokacin da fataucin goro ke ganiyarsa, don haka tana buƙatar shaidar ƙasa. Garuruwa masu suna Zango suna nuna inda fatake ke sauka, amma sunan ba ya faɗin ƙarni.

A taswirar ƙarshe ka yi amfani da layi iri uku: cikakken layi inda aka ga jikin hanya a ƙasa ko a hoto, layi mai yanke-yanke inda zango biyu suka tabbata amma tsakaninsu zato ne, da ɗigo-ɗigo inda littafi kaɗai ya yi magana. A gefen kowane zango ka rubuta ƙarnin da shaidarsa ta tsaya a kai, kuma ka ajiye jadawali da lambobin GPS da hotuna a wuri biyu, kwafi ɗaya a hannun hukumar da ta ba da izini.